Shin ƙiba tana raunana ƙwayoyin asali da ake cirowa daga kitse?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, kuma wani asibiti ya ba ta shawarar a zuƙo kitsen cikinta, a tace ƙwayoyin asali (wato ƙwayoyin halittar jiki da ke iya rikiɗewa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyi) daga ciki, sannan a yi mata allurarsu a gwiwar. Tana da ƙiba sosai, ga kuma ciwon suga. Shin yawan kitsen nata zai amfane ta, ko kuwa cikas ne?

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Tun 2001, lokacin da Patricia Zuk da abokan aikinta a Los Anjelis suka nuna cewa kitse yana ɗauke da ƙwayoyin da ke iya rikiɗewa su zama ƙashi ko guringuntsi, ake ganin samo irin waɗannan ƙwayoyi daga kitse ya fi sauƙi a kan samo su daga ɓargo. Sai dai yawa daban, nagarta daban. A jikin mai ƙiba, kitse yana kumbura har iskar oksijin ta daina isarsa yadda ya kamata, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a cikinsa, su dinga fitar da sinadaran kumburi irin su IL-6 da TNF-alfa. Ƙwayoyin asalin da suka daɗe a wannan yanayi sukan tsufa da wuri, su rage hayayyafa, kuma ƙarfinsu na kwantar da kumburi da tsirar da sababbin jijiyoyin jini, wanda shi ne abin da ake nema a wurinsu, ya ragu. Ciwon suga yana ƙara wannan rauni.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam ya yi gaskiya, kuma abin da ya fi damuna shi ne masu ƙiba su ne suka fi yawa cikin masu ciwon gwiwa da gyambon suga, wato waɗanda suka fi bukata su ne ƙwayoyinsu suka fi rauni.

Ɗalibar Kimiyya:
To Malam, idan aka karɓo daga jikin wani mai lafiya fa?

Malamin Jami'a:
An gwada haka. Tarayyar Turai ta amince da wani maganin ƙwayoyin asali mai suna Alofisel a 2018 domin masu yoyon gefen dubura sanadiyyar cutar Crohn (wani ciwon kumburin hanji), daga kitsen masu ba da gudummawa ake haɗa shi, amma an janye shi a 2024 bayan gwaji na biyu bai nuna amfaninsa ba. Shawarata, kafin ku biya ko kwabo, ku nemi asibitin ya nuna muku sakamakon gwaji a kan masu ƙiba da suga irin Hajiya, sannan ku ga likitan ƙashi. Rage nauyi kansa yana sauƙaƙa ciwon gwiwa.