Muhawara: In manyan makarantun sakandare na Kumasi a Ghana, irin su Prempeh da Opoku Ware, sun ƙara gurabe, makin shiga zai sassauta?

Baban Sadiya, Aboabo: Assalamu alaikum iyaye. Jiya bayan isha'i wani ɗan'uwa ya ce duk sanda babbar makaranta ta gina sabon ɗakin kwana ta ƙara ɗaukar yara, dole makin shiga ya sassauta, mai agiriget (jimillar makin jarrabawar gama ƙaramar sakandare, wanda ƙaramin lamba ya fi kyau) 10 ko 12 ya samu inda a da sai mai 6 ko 7. Ni dai na yarda. To don me muke hana yaranmu rubuta Prempeh ko Yaa Asantewaa a fom?

Malamin lissafi, Asawase: Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Babu wanda ke zama a ofis ya yanke cewa bana 8 ne makin makaranta kaza. Tun 2005 da aka fara CSSPS, wato tsarin raba yara zuwa makarantun sakandare, kwamfuta ce ke jera yaran da suka zaɓi makaranta daga mai ƙoƙari zuwa ƙasa, in kujeru sun cika ta tsaya. Makin yaron da ya samu kujerar ƙarshe shi ne muke kira makin shiga. Ƙarin kujera zai iya motsa shi, amma ya danganta da cunkoson da ke bakin ƙofa. Misali kawai nake bayarwa: a ce yara 300 ne masu agiriget 8 ke neman kimiyya, aka ƙara kujera 50. Hamsin sun shiga, 250 suna waje, maki yana nan 8 bai gusa ba. A manyan makarantu kuwa bakin ƙofar nan a cike yake maƙil.

Hajiya mai shago, Alabar: Malam, da idonmu fa muka gani. A 2018 da aka raba yara gida biyu, kore da ruwan zinari, wasu na aji wasu na hutu, yaran Zango nawa ne suka shiga makarantun da iyayensu ko ƙofarsu ba su taɓa takawa ba? Ɗan maƙwabciyata na ciki. Wannan ba ƙarin gurbi ba ne?

Malamin lissafi: Shi ne, Hajiya, ban musa ba. Sai dai wancan ba kujera hamsin ba ce, makarantu wajen 400 aka sa a tsarin lokaci ɗaya, don karatun sakandare kyauta da aka fara a Satumba 2017 ya kawo yaran da a da kuɗi ke tsayar da su a gida. Kuma akwai abin da nake ganin ya fi taimakon yaranmu: kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantu da aka ware wa waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati. Yaron da ya yi JHS, wato ƙaramar sakandare, ta gwamnati, a wannan kason da 'yan'uwansa yake gasa, ba da wanda iyayensa suka biya masa makarantar kuɗi da malamin gida ba. Ina kyautata zaton ta nan ɗan maƙwabciyarki ya shiga.

Yayan Fati, ɗalibi a jami'ar KNUST: Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Da zarar labari ya bazu cewa an ƙara gurabe, waɗanda suka ji tsoro bara duk za su rubuta makarantar bana. Kamar a ce an ƙara tirotiro ɗaya a tashar Kejetia ne, aka yi shela, mutanen da suka yi niyyar bin wata hanya suka dawo layin. Kujeru sun ƙaru, masu nema sun fi su ƙaruwa.

Baban Sadiya: Yaro, ai wannan tsoro ne kawai. In kowa ya ce haka, mu 'yan Zango ba za mu taɓa gwadawa ba, sai mu bar wa wasu Opoku Ware da St. Louis har abada.

Yayan Fati: Baba, ban ce kar a gwada ba. Zaɓi daga rukunin A, wato manyan makarantu, ƙayyadadde ne, to a yi shi da lissafi. Ba maki ɗaya makaranta take da shi ba. Kimiyya daban, kasuwanci daban, mai kwana daban, mai zuwa ya dawo gida daban. In ɗakin kwana aka ƙara amma ajin kimiyya bai ƙaru ba, yaron da ke son zama likita bai ci komai ba.

Maman Abdul, Sawaba: Ni duk wannan lissafin bai sanyaya mini zuciya ba. 'Yata ta kawo 9, ba a ba ta zaɓinta na farko ba. Wata da suka yi aji ɗaya ta kawo 12, tana can. Ranar da sakamako ya fito yarinyar nan ta kulle kanta a ɗaki, ko tuwo ba ta taɓa ba, ni kuma ina tsaye a shagon intanet ina sa a sake bugo takardar ko kuskure ne. Ku faɗa mini, ƙarin gurbin na 'ya'yan talakawa ne ko na masu hanya?

Malamin lissafi: Allah ya ba ta haƙuri, Maman Abdul, wannan akwai ciwo. Ba zan rantse cewa babu masu bin bayan fage ba, kowa na jin maganar furotokol, wato shiga ta hanyar alfarma. Amma kafin a yanke hukunci a duba abu biyu: fannin da kowaccensu ta cika, da kuma kwana ko jeka-ka-dawo. Mai 12 da ta cika fannin girki da kula da gida, jeka-ka-dawo, tana iya shiga ta bar mai 9 da ta cika kimiyya da kwana, babu hannun kowa.

Maman Abdul: Kimiyya da kwana ta cika, haka ne. Ta ɗayar ban sani ba, zan tambayi uwarta. Amma ko da hakan ne, me ya sa ba a buga wa iyaye makin da kowane fanni ya tsaya bara, mu san inda muke jefa 'ya'yanmu? A makance muke cika fom ɗin nan.

Kawu direba, Tafo: Wannan ita ce magana. Ni kuma damuwata, a ƙara yara ba a ƙara malami ba, ba a ƙara ɗakin gwaji ba. Lokacin kore da zinari nawa ya yi watanni a gida, kuɗin lesin ya fi ƙarfina.

Hajiya mai shago: Kawu, amma ya shiga. Da ba a ƙara ba fa?

Malamin lissafi: Hajiya tana da hujja ta wani gefen da ba mu taɓo ba. Duk yaron da ƙarin kujera ya ɗauke zuwa sama, ya bar gurbi a makarantar da ya sa ta biyu. A can ne cunkoso bai kai ba, a can maki ke sassautawa sosai. Shi ya sa nake roƙon iyaye su ba zaɓi na biyu da na uku hankali kamar na farko.

Baban Sadiya: Na ji, amma Sadiya Yaa Asantewaa za ta sa a farko, kimiyya. Malam, in ka samu sarari ranar Asabar bayan la'asar zan kawo maka makin jarrabawar gwajinta, ka taya mu zaɓar sauran.