Gyaran Boko: Ɗan Wa Ya Amfana?

Hedimasta:
Da sunan Allah nake farawa,
Gyaran boko nake yabawa.
A 1976 UPE, shirin firamare ga kowa, ta zo wa talakawa,
Obasanjo ya ce babu kuɗin bayarwa.
Ɗan manomi ne ni, ba takalmin sawa,
Da ba don ita ba, da ina bayan shanu da ƙyarawa.
Yau ga ni, ni nake koyarwa.

Uwar Marayu:
Malam, ka faɗi taka, to ga tawa.
UBE, shirin ilimin matakin farko, a 1999 Sakkwato aka yi ƙaddamarwa,
Doka ta biyo a 2004, shekara tara kyauta ga kowa.
Zo ajin ɗiyata ka yo dubawa:
Kan buhun siminti suke zaunawa,
Kwanon rufi iska ta yaye, ba mai mayarwa,
In hadari ya haɗu, sai a kaɗa ƙararrawa.
Kuɗin PTA, na alli, na tsintsiya, ni ke nemowa,
Da ƙosan da ita yarinyar take sayarwa.
Masu sa hannu a dokar kuwa,
Makarantar kuɗi suke kai nasu, wasu har Turai suke turawa.

Gardi:
Hajiya, ke ko ajin kin samu, kike kokawa!
A 2012 Jonathan ya je Gagi ta Sakkwato buɗewa,
Makarantar almajirai, gini abin burgewa.
Da yawan ire-irenta yau sun zama kufai da ciyawa,
Ƙolo na nan da robarsa, bara yake ta zagayawa.

Hedimasta:
Ku yi haƙuri, ba dokar ce da laifi ba, 'yan'uwa.
Kuɗin UBEC, hukumar UBE, na Abuja, suna jiran ɗaukowa,
Sai jiha ta aza nata kason kafin a yi sakarwa,
Gwamnoni da dama sai su yi ta nawa.
Kaduna a 2017 ta yi wa malamai jarrabawa,
Fiye da 21,000 aka yi wa sallamawa.
Ko an so ko an ƙi, an dai gwada taɓawa.

Uwar Marayu:
Na ji, Malam. Tambaya ɗaya, ban da ɓoyewa:
Naka 'ya'yan, wace makaranta suke zuwa?

Hedimasta:
Hajiya, kin taka ni a kan gyambo, ba musawa.
Biyu na firamarenmu, tare muke tahowa,
Auta uwarsa ta kai shi ta kuɗi, na kasa hanawa.
Biyun ma da yamma lesin nake musu a tsakar gida kan shimfiɗar tabarma, har isha'i muke kaiwa.