Neman shawara: shin mu yada zango a Durham domin kallon wasan besbol?

Ba'adare, daga Tawa:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san Amurka. Idan Allah ya kai mu hutun damina zan kai wa ƙanena ziyara a New York, daga can kuma mu ɗauki mota mu gangara Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa, domin mu gaida gwaggonmu. An ce mini tafiyar ta kai kilomita 870, wato kusan kamar daga Yamai zuwa Damagaram. Ɗan ƙanen nawa, mai shekara goma sha biyu, wanda a can aka haife shi, ya kafe sai mun tsaya a Durham mun kalli wasan besbol na wata ƙungiya mai suna Bulls, wato bijimai, alhali shi da bakinsa ya ce mini ba ta cikin manyan ƙungiyoyi. Ni ƙwallon ƙafa da kokowa na sani. Me zai sa matafiyi ya katse tafiyarsa saboda ƙungiyar rukuni na biyu? Ba na son in ɓata wa yaron rai, amma kuma ba na son in zauna ina zare ido, jama'a na tafi ban san abin da suke yi wa tafin ba.

Tsohon direba, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina tuƙin tasi a New York kafin in dawo gida, kuma na bi wannan hanya ba sau ɗaya ba: babbar hanya mai lamba 95 har Petersburg a jihar Bajiniya, sannan a karkata zuwa mai lamba 85, wadda take ratsa Durham kafin ta kai Greensboro. Saboda haka ba ratse za ku yi ba, garin a kan hanyarku yake.

Abin da nake so in gyara maka shi ne zancen rukuni na biyu. A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce take hawa ko ta faɗo, amma a besbol sakamakon wasa ba ya hawar da ƙungiya ko ya faɗo da ita, ɗan wasa ne yake hawa ko ya sauka. Manyan ƙungiyoyi 30 ne, kuma tun 2021 kowace tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da take renon ƴan wasanta a cikinsu, jimla 120, hawa-hawa kamar azuzuwan makaranta. Bulls tana hawa na ƙarshe, wanda ake kira Triple-A, a ƙarƙashin babbar ƙungiyar Tampa Bay Rays. Yaron da ka gani yau a Durham, ana iya buga masa waya cikin dare gobe ya wayi gari a babbar ƙungiya, kamar yadda ɗan kokowa yake fara tashe a filin gari kafin jiha ta ɗauke shi zuwa gasar takobi. Kada ka raina matakin: Michael Jordan, duk da sunan da ya yi a ƙwallon kwando, da ya gwada besbol a 1994 a Birmingham ta Amurka, hawa ɗaya ƙasa da wannan, cikin kowane zuwa biyar sau ɗaya kacal yake samun bugu mai kyau.

Filin Durham an buɗe shi a 1995, yana ɗaukar kimanin mutum 10,000, ƙasa da sulusin filin Seyni Kountché, kuma ƙanƙantar nan ita ce daɗinsa. Ranar da na shiga, kujerata tana kusa da ƴan wasa har ina jin ƙarar ƙwallo idan ta faɗa cikin safar hannun mai cafewa, tas, kamar an tsinka bulala. A kan katangar hagu akwai ƙaton hoton bijimi. Idan ɗan wasan gida ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, sai idanun bijimin su yi ja, ya kaɗa wutsiya, hayaƙi ya fito masa ta hanci. Ina kyautata zaton wannan bijimi ne ɗanka yake son ya nuna maka.

Tsohuwar ɗaliba, daga Yamai:

Baba, na yi karatu a Greensboro, kuma ni ma da farko ban gane komai ba. Ka riƙe wannan kawai, ya ishe ka. Akwai zango huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowane biyu kimanin mita 27. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai sanda yana ƙoƙarin bugunta, idan ya buga sai ya sheƙa zuwa zango na farko kafin a riga shi kai ƙwallon can. Wanda ya zagaye zangon huɗu ya dawo gida ya ci ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku sai ɓangarorin su yi musanya, kuma turmi tara ake yi. Tun da aka sa wa mai jifa agogon da ke ƙayyade masa lokacin jifa, wasan yakan ƙare cikin awa biyu da rabi ko kusa da haka. Ƙwallon da ta faɗo cikin ƴan kallo ta wanda ya cafe ce, ba a karɓewa, shi ya sa za ka ga yara sun zo da safar hannunsu. Amma tana da tauri kamar dutse, kada ka kawar da ido idan kuna kusa.

Sai batun abinci, wanda nake ganin ya fi muhimmanci. Naman da ake cusawa cikin dogon burodi sau da yawa akwai alade a ciki, ko an ce na saniya ne ba yankanmu ba ne. Ku tsaya ga gujiya da gugguru da lemo. Wasannin dare sukan fara wajen ƙarfe bakwai, ga shi a watan Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai takwas da rabi, saboda haka magariba za ta same ku a ciki. Ku shiga da alwala, domin filaye da yawa ba sa barin wanda ya fita ya sake shiga. Ku riƙe katin banki, da yawansu sun daina karɓar tsabar kuɗi.

Ɗan kasuwa, daga Tawa:

Malam, ni ban goyi bayan tsayawa ranar tafiya ba. Daga New York zuwa Durham awa takwas ne idan hanya ta yi kyau, kuma cunkoson da ke kewayen Washington ba ya jin rarrashi. Wanda ya sha wannan tuƙi ya zauna a kujera da yamma, barci zai yi, ba kallo ba, sannan ga sauran kusan awa guda a gabansa cikin dare. Greensboro ma tana da tata ƙungiyar, Grasshoppers, wato fara, a ƙarƙashin Pittsburgh Pirates, da filinta a tsakiyar gari tun 2005. Hawanta bai kai na Durham ba, ƴan wasan sabbin jini ne, amma ga wanda bai san wasan ba bambancin ba zai bayyana ba. Ita wannan Pittsburgh ce ta ɗauki Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu a 2008, ya yi ta gwagwarmaya a irin waɗannan ƙananan filaye har 2017 kafin ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a babbar gasar.

Ko wanne kuka zaɓa, ku duba jadawali kafin ku sa ranar tashi. Ana wasa daga ƙarshen Maris ko farkon Afirilu zuwa Satumba, Talata zuwa Lahadi, Litinin hutu, kuma mako guda a gida ne, wani makon a waje. Ni na taɓa kwasar yara zuwa wani fili ban duba ba, muka tarar da ƙofa a rufe, ƙungiyar tana wata jiha. Ruwan sama ma yakan tsayar da wasa.

Ba'adare, daga Tawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na kira yaron jiya na gaya masa zancen fara, ya yi dariya ya ce shi bijimi yake so, Baba, ba fara ba. Mun shirya da ubansa cewa za mu wuce kai tsaye mu gaida gwaggo, mu huta kwana biyu, sannan mu koma Durham da yamma tunda ba nisa, idan jadawali ya nuna suna gida a makon. Ƴata, saura tambaya guda: a wane ɓangare ya kamata mu sayi kujera domin bijimin ya kasance a gabanmu, rana kuma ba ta dukan fuskarmu?