CIPM ko mastas, wanne ya kamata in fara?

Maman Ilham:
Salam ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar HR, wato kula da ma'aikata. Ina aiki a wani kamfani a Ikeja, ofishin kula da ma'aikata, amma aikin nawa bai wuce ajiye fayil da lissafin ranakun hutu da buga takardar ɗaukar aiki ba, na jima a kujera ɗaya ba ƙarin girma, duk wanda aka kawo aka ɗora a kaina sai in tarar yana da wata takarda da ni bani da ita. HND gareni. Yanzu na kwashi adashi ina so in zuba a karatu, to na rasa ko in zauna jarabawar CIPM, hukumar ƙwararrun HR ta Najeriya, ko in nemi mastas a UNILAG, wata ƙawata kuma tace in bar duka in yi CIPD, takwarar CIPM ta Ingila, ta intanet. Kuɗin ba zai ishi biyu ba, ga yara ga holdof daga Agege kullum.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki fara da CIPM, ba ma sai kin yi dogon tunani ba. Ita ce hukumar da doka ta ɗora wa kula da wannan sana'a a Najeriya, an kafa ta 1968, ta samu dokarta a 1992, hedikwatarta ma tana nan Alausa kusa da ku. Ki duba tallan aikin HR na kamfanonin Legas, da wuya ki ga na manaja da ba su ambaci ACIPM ba, wato shaidar zama mamban CIPM, wasu ma har lasisin aiki na hukumar suke tambaya. Kuma masu digiri ko HND ana ɗauke musu wasu matakan jarabawar gwargwadon abin da mutum ya karanta, sai ki je da takardunki su faɗa miki inda za ki fara.

Abin da mutane basa lura da shi, mai HND yawanci baya shiga mastas kai tsaye, sai ya fara yin PGD, wato difloma ta gaba da digiri, tukunna, kin ga karatu biyu kenan da kuɗin makaranta biyu, ga zirga-zirga zuwa Akoka inda UNILAG take bayan an tashi aiki, wanda ya san Ikorodu Road da yamma ya san abin da nake nufi.

Anti Bilki:
Na yarda da Baban Walid amma ƙanwata kar ki ɗauka takardar ce kaɗai ke ɗaga mutum. Ni abin da ya fitar dani daga ɗakin fayil shi ne sanin doka. Ranar da oga ya kira ki ya ce nawa za mu zuba na fansho, ki iya ce masa dokar fansho ta 2014 tace kamfani kashi 10 na albashi ma'aikaci kashi 8, NSITF, asusun inshorar ma'aikata, kashi 1 na jimillar albashi ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, harajin PAYE da ake cirewa a albashin mazauna Legas hukumar harajin jihar, LIRS, ake kai wa, ki san yadda ake sallamar ma'aikaci ba tare da an ƙare a kotun ma'aikata ba, wallahi daga ranar kallon da ake miki zai canza. Ki roƙi a riƙa sa ki cikin haɗa albashi da zaman ladabtarwa ko da rubutun bayanin zama ne, ki kuma gyara hannunki a Excel sosai, wannan kam ba wasa.

Mastas ɗin kuma kar ki cire shi a rai. UNILAG da LASU duk suna da sashen hulɗar ma'aikata, in kin kai matakin da ake zama da ƙungiyar ƙwadago zai miki amfani ƙwarai. Lokacinsa ne bai yi ba.

Sadiq Obalende:
Maganar CIPD, mai kyau ce amma da fam ake biya, takwararta SHRM ta Amurka kuma da dala, ga yadda canji yake. In ba kamfanin ƙasar waje kike hari ba ko kina shirin fita, kuɗin adashinki zai tafi ne kan dokokin aiki na wata ƙasa alhali ta nan kike buƙata.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta kan CIPM. Anti, ya dace in nemi kamfani su taimaka da kuɗin jarabawar? Ina jin nauyin tambaya.

Anti Bilki:
Ki tambaya mana, ba roƙo bane. Kamfani irin naku yana biyan ITF, asusun horar da ma'aikata na gwamnati, kashi 1 na albashi duk shekara, kuma yana iya neman a mayar masa da wani ɓangare in ya horar da ma'aikatansa, saboda haka maganar horo ba baƙuwa bace a wajensu. Ki rubuta a takarda ki kai wa shugaban sashenku kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, ki haɗa da takardar kuɗin rajista da na jarabawa. Wasu kamfanonin za su ce ki sa hannu cewa za ki zauna dasu na wani lokaci bayan kin gama, to ki karanta wannan sharaɗin da kyau kafin ki sa hannu.