Shawarwarin Gyaran Tsohon Ƙaramin Jirgin Faiba a Yauri

Da na tattara abin da masu jirage da makanikan bakin kogin Neja suka faɗa kan farfaɗo da tsohon jirgin faiba mai inji (faiba zaren gilashi ne da aka daskarar da shi da gam), na ga bakinsu ya zo ɗaya a kan bangon baya, inda ake ɗaure injin. Suka ce faiba ba ta ruɓewa, amma katakon da ke cikinta yana shan ruwa, don haka a ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma. Idan sautin ya fito a dushe, sai a fasa, a cire ruɓaɓɓen katakon, a sa sabo. Wannan ce shawarar da ta fi kwanta mini a rai, domin fenti yana ɓoye ɓarna.

Wurin da ya tsage kuwa, a goge shi sosai, a bari ya bushe ƙayau, lokacin hunturu ya fi, sannan a shimfiɗa ƙyallen faiba da rezin, wato gam ɗin da ke daskarar da ita, hawa-hawa. A canja robar famfon ruwan injin kafin a tayar da shi. Wani dattijo ya ja kunne cewa a yi gwajin farko kusa da gaɓa, da rigar kariya, saboda kututturan da ruwa ya rufe tun kammala madatsar Kainji a 1968.