Kayan da ake buƙata wajen haɗa injin iska mai cajin batir

Ɗan Bodinga:
Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya, kuma da sola nake cajin batir ɗina mai volt 12, amma idan hazon hunturu ya sauko wutar takan ragu sosai, alhali iska tana kaɗawa dare da rana. Ina son haɗa ƙaramin injin iska da hannuna. Waɗanne kaya zan tanada, kuma shin altanetar mota za ta yi, tunda ita ce mafi sauƙin samu a wajen bakanikai?

Mai Gyaran Janareta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka cire altanetar mota daga lissafinka, domin ba ta ba da wuta sai ta yi juyi fiye da 1,000 a minti, kuma sai ta fara shan wutar batir kafin maganaɗisunta ya tashi, farfelar gida kuwa ba ta kai wannan gudun. Abin da za ka nema shi ne motar lantarki (wato injin da ke juyi, ba motar hawa ba) mai maganaɗisu na dindindin, kamar ta cikin tayar keken lantarki ko ta injin motsa jiki, wadda za ta haura volt 13 tun juyi bai yi nisa ba. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mata mita ka juya ta da hannu ka ga abin da take bayarwa.

Idan mai wayoyi uku ce, wutarta mai kai da komo ce, don haka sai ta bi ta diyod shida (ƙananan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) kafin ta shiga batir, kuma a nan ne tsohuwar altaneta take da amfani, domin ana iya cire nata. Idan mai wayoyi biyu ce, diyod ɗaya babba ya isa, shi zai hana batir juya farfelar kamar fanka idan iska ta kwanta.

Sauran kayan ba su da wuya: fukafukai uku da za ka yanka daga bututun roba mai kauri na inci 6 ko 8, faifan ƙarfe da za a ɗaure su a kai, noti da kusoshi, wutsiyar kwano mai juya injin ya fuskanci iska, fis, da waya mai kauri, saboda siririya tana cinye wuta a hanya.

Malamin Kimiyya, Runjin Sambo:
Bayanin Mai Gyaran Janareta ya yi daidai, sai dai ina so ɗan'uwa ya san abin da zai samu kafin ya kashe kuɗinsa. Ƙarfin da ke cikin iska yana ninkuwa sau takwas idan gudunta ya ninka sau biyu, kuma babu farfelar da ke iya kwasar fiye da kashi 59 cikin ɗari na wannan ƙarfin, ta gida kuwa da kyar take samun rabin haka. Farfela mai faɗin mita 1.5 a iskar da ke gudun mita 5 a daƙiƙa za ta ba ka wajen wat 30 ne kawai. Wannan ya isa taimakon sola da dare, amma ba zai maye gurbinta ba. Shi ya sa tsayin turken da za a ɗora injin a kai ya fi girman mota muhimmanci: ya haura rufin gidaje da itatuwan dogon yaro da ke kusa, a kuma ɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta kusurwa huɗu. Iskar yankinmu na Sakkwato tana cikin mafi ƙarfi a Najeriya, shi ya sa aka kafa injin gwaji mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada, amma a fili take da wannan ƙarfin, ba a tsakar gida ba.

Ɗan Bodinga:
Allah ya saka da alheri. To kwantirolar solata za ta iya ɗaukar injin, ko sai na sayi wata?

Mai Walda, Mabera:
Ranka ya daɗe, kada ka haɗa su. Kwantirolar sola tana yanke wuta ne idan batir ya cika, faifan sola ba ya damuwa da hakan, amma injin iska idan aka yanke masa hanyar da wutarsa ke bi sai ya yi ta gudu ba birki har fukafukai su tarwatse. Wadda ta dace ita ce mai karkatar da rarar wuta zuwa wani abin da zai shanye ta, kamar ƙarfen hita. Ka kuma sa makunnin da zai haɗe wayoyin motar da juna bayan an raba ta da batir, domin shi ne birkinka idan hadarin farkon damina ya taso a Mayu ko Yuni. Ka yi wa gindin turken maƙalata yadda mutum biyu za su iya kwantar da shi, ka binne ƙarfen kariyar tsawa, ka zaɓi boris mai rufi saboda ƙura, sannan ka shafa wa fukafukan farin fenti, domin ranar Sakkwato tana busar da roba har ta riƙa karyewa. Batir kuma ya zauna a inuwa inda iska ke shiga.