Jama'a, me za mu kira "infinitive" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu nahawu ku matso kusa don Allah, yau ni ke neman agaji. Ina koyar da Turanci da yamma a wani lesin nan Tudun Wada, yawancin yaran masu sake WAEC ne da JAMB, sai wasu 'yan kasuwa biyu daga Sabon Gari da suka zo gyara Turancinsu. Ni tsarina bayani da Hausa nake yi, misalai ne kawai ke zuwa da Turanci. Verb in ce aikatau, noun suna, adverb bayanau, pronoun wakilin suna, komai lafiya lau. Ranar Litinin muka iso infinitive, na buɗe baki zan faɗi Hausarsa sai na ji wayam.

Ga wanda ya manta, shi ne irin su to go, to eat, to write. In ka ce he goes, wannan s ɗin ta gaya maka mutum ɗaya ne, in ka ce he went ka san abin ya wuce. Amma duba he wants to go da they wanted to go, mai aikin ya canza, lokaci ya canza, shi kuwa to go ko gezau.

Abin da ke ba yaranmu wahala shi ne mu ba haka muke yi ba, mu cewa muke ina so in tafi, yana so ya tafi, muna so mu tafi, kullum sai mun sake sa zagi, wato su in da ya da mu ɗin nan masu nuna mai aiki, a gaban aikatau, to shi ya sa yaro zai rubuto maka I want I go, ko in ya ɗan waye ya ce I want that he should come, alhali Bature I want him to come kawai zai ce ya wuce abinsa. Ina son suna ne da in na faɗa yaro zai ji abin a jikinsa.

Na ga amsoshinku, Allah ya saka. Bari in bi su.

Mutum wajen biyar sun ce a rubuta infinitif a huta, ai mota ma da kwamfuta aro ne. Ni ba na faɗa da aro. Amma mota kana ganinta da ido, ko ba a fassara ba ka san mece ce. Wannan fa abu ne da ba a gani, in sunan bai yi bayani ba haddar banza kawai yaro zai yi.

Wani malam daga cikin birni ya ce masdari, kuma wallahi sai da na tsaya, don mutanen cikin ganuwa ba a ja da su a nahawun Larabci. Ya kawo uridu an azhaba, wato ina so in tafi, ya ce an ɗin nan tare da aikatau ana ɗaukarsu a matsayin masdari, to ai ita ce to ɗin Turanci. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne akwai kama, sai dai azhaba har yanzu tana nuna ni ne mai tafiyar, in shi ne sai a ce yazhaba, kenan ta fi kusa da "in tafi" da "ya tafi" namu. Shi kuma masdari na sosai, zahab, shi ne tafiya, a Turanci ya fi dacewa da going. Wannan muna da sunansa, sunan aiki.

Kuma dole in raba su biyun nan don a nan ake kayar da yara a jarrabawa. He stopped to eat ya tsaya don ya ci abinci ne, he stopped eating kuwa ya daina ci. Remember to lock the door, kar ka manta ka kulle ƙofa, I remember locking the door, na tuna na kulle. Sannan want, hope, decide, agree, refuse duk to suke so a bayansu, su kuma enjoy, avoid, finish, mind sai mai ing. In na kira duka biyun da suna ɗaya na haɗa wa kaina zafi.

Saiwar aikatau ma ba za ta yi ba, an riga an ba wani, ita ce rubut ɗin da ke cikin rubuta da rubutu. Aikatau mara iyaka kuwa fassarar asalin kalmar ce daga Latin, finis iyaka kenan, na gwada a aji wani yaro ya ce yauwa Malam wato aikin da ba ya ƙarewa kamar wankin kwanukan gidansu. Na janye.

Wata baiwar Allah da ke karatun Hausa a Samaru ta gyara min zama, ta ce Malam kar ka ce ba mu da shi gaba ɗaya, ya ƙi rufe ƙofa, ta iya gyara keke, sun fara share gida, ina zagi a gaban rufe da gyara da share? Babu. Haka ne kuwa, he refused to close the door ya hau daidai. Ta ce a kira shi aikatau mara zagi. Ya burge ni, illarsa ɗaya Turanci ba shi da zagi irin namu, sai na fara koyar da nahawun Hausa kafin in dawo kan na Turanci, ga jarrabawa ta matso.

To ga yadda ta kaya jiya. Ina ta kame-kame a gaban allo ina cewa wannan ba ruwansa da mai aiki ba ruwansa da lokaci, sai ɗaya daga cikin 'yan kasuwar nan, dattijo ne, ya ce Malam ashe dai ba a ɗaure shi ba ne. Kai! Na ajiye alli. Goes da went an ɗaure su a turke, turken mai aiki da na lokaci, inda aka ja nan suke bi. To go kuwa sakakke ne. Ɗaurarren aikatau da sakakken aikatau, har ɗan uwansa ma ya samu suna a ɓagas.

Na san masu tsokana za su ce to in mace ce sakakkiya kenan, sai ta yi idda, na ji, ku yi dariyarku. Wani kuma ya ce a waya ba ƙugiya za a karanta saƙaƙƙe na saƙa. Nan kam k ce zalla, ba ƙugiya ko ɗaya, kuma ba wanda zai zaci an saƙa aikatau kamar hula.

Saura nau'insa na biyu, wanda ke zuwa ba to, bayan can, must, will, should, da bayan let da make. Wani ya ce tsirara, na ce a ajin da ke da 'yan mata da samari? A'a. Gaya za mu ce, kamar tuwo ba miya. I can go, let him go, she made me cry, duk gaya ne. Mutanenmu kuma akwai son zuba miya inda ba a nema ba, she made me to cry, har manya na yi. Abin haushin in ka juya jimlar miyar dawowa take, I was made to cry. Help shi ba ya zaɓe, help me carry da help me to carry duk ya ci.

Amma a kula da I look forward to seeing you, waccan to ɗin ba miyarmu ba ce, irin ta to Kano ce, shi ya sa ing ke binta.

Gobe in sha Allah da sakakke mai miya da sakakke gaya zan shiga aji. Ga jimla uku da zan ba su su gyara, ku ma ku gwada a nan: my father let me to drive, I enjoy to read, she wants that I should wait. Malam na cikin birni har da kai, a gafarce ni.